Hutun da Muka Kai Umma Dutsen Abha

Shekarun baya, bayan mahaifiyata ta fita takabar mahaifinmu, wata sabuwar damuwa ta sauka a gidanmu da ke Sa'alaba, nan Jidda. Umma ta daina cin abinci. Ba rantsuwa ta yi ba, ba kuma wani ciwo likita ya gano ba, don babu gwajin da ba mu yi mata ba. Za a kai mata tire, ta ce an gode Allah ya yi albarka, ta ɗan tattaɓa gefen shinkafar da cokali, ta rufe ta ce sai an jima. An jimar nan kuwa ba ta zuwa. Shayi da 'yan dabino ne suke riƙe da ita. Matar da na taso na ga tana cika kujera, sai ga shi awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu in ta ɗaga hannu za ta yi addu'a.

Ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Madain Fahd. Wuni nake ina yi wa iyayen mutane wa'azin cin abinci, har da ɗaga yatsa, in dawo gida tawa uwar ta kalle ni sau ɗaya bakina ya mutu. Tun ranar rasuwar muka karɓe girki daga hannunta, ni da matar yayana. Mun hana ta ɗaga ko tsinke. Mu dafa, mu zuba mata nata a faranti mai kyau, mu kai mata har ɗaki, a ganinmu gata muke yi mata. Kullum farantin yana dawowa kusan yadda ya tafi. Tsoro ya fara kama ni sosai, don na san inda irin wannan ramar take kai tsoho.

Yayana shi ne babba a gidan. A lokacin ya samu buɗi a kamfanin da yake aiki a tashar jiragen ruwa, kuma shi irin mutanen nan ne da in abu ya dame su sai su nemi maganin da ya fi kowane tsada. Wata ranar Juma'a ya shigo yana tura mini waya a fuska.

"Halas, shi ke nan, na gano matsalar," in ji shi. "Gidan nan ne. Ko'ina ta juya Baba take gani. Canjin iska take buƙata. Za mu kai ta Abha, can kan dutse, funduƙin nan, wato otal ɗin da manya suke sauka. Daga nan mu gangara bakin teku, na kama mana shale, gida guda namu mu kaɗai. Wallahi ko majinyaci ya ga abincin wurin nan sai ya tashi zaune."

Ba zan ɓoye muku ba, da na ga hotunan sai na ji maganin ya dace da ciwon, har da nawa ciwon da ban san ina da shi ba. Nan take na goyi bayansa.

Umma tana kan darduma da carbi lokacin da muka je mata da maganar. Ta saurare shi har ya gama ba ta dube shi ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa. Sai ta juyo wurina.

"Wa ke gare mu a can?"

"Ba kowa, Umma."

"To wa ya haihu?"

"Ba wanda ya haihu."

"Rasuwa aka yi?"

"A'a, ya Ummi," yayana ya ce, "hutu ne kawai. Ki ga duwatsu, ki ga teku, ki huta."

"Ga teku nan a bayan gari, tun yaushe muke tare ban taɓa zuwa gaishe shi ba. Hutu kuma, aikin me na yi?"

Ku fahimce ta. Tun da ta baro Damagaram tana amarya ta biyo mahaifinmu, tafiyarta ba ta wuce Makka, Madina, biki, suna da ta'aziyya ba. A wurinta mutum ake zuwa gani, ba wuri ba. Amma da ta saci kallon ɗanta ta ga yadda jikinsa ya yi sanyi, sai ta ce to, Allah ya kai mu.

Washegari ta aike ni kasuwa: barkono, citta, kanumfari, ƙuli-ƙuli. Ta zauna a kan kujera ta sa aka daka yaji a gabanta, ta cika kwalba. Ta fito da turaren wuta mai kyau da turmin atamfa da ta daɗe tana ajiya, ta haɗa su a jaka guda ta zuge. Na tambaye ta na mene ne, ta dube ni kamar ba ita ta raine ni ba.

"Hannu Rabbana za mu je wa mutane?"

Na buɗe baki zan yi bayani, yayana ya taka mini ƙafa. Rabon da ta sa baki a wani abu tun kafin rasuwar, saboda haka muka bar ta da jakarta.

A ƙarshen sanyi muka tafi, mu uku, matar yayana ta tsaya da yara saboda makaranta. Muka bi gefen teku wuni guda, sannan hanya ta fara hawa, tana shiga cikin dutse tana fita. Kunnuwana suka toshe, Umma kuwa hailala kawai take. Da muka isa funduƙin, ni dai na yi ƙauyanci mai sunan ƙauyanci. Bangon ɗakinmu guda gilashi ne zalla, ƙasan kuwa kwari ne da ba a ganin ƙarshensa, gajimare yana yawo a ƙasa da ƙafafunmu. In ka buɗe ƙofar baranda sai ya shigo har kan gado ya jiƙa maka fuska. Ga kwandon 'ya'yan itace, ga zuma ta dutsen a 'yan kwalabe, ga rigunan wanka farare sol. Na shiga ɗaukar hoto kamar an aiko ni.

Umma ta tsaya a bakin gado tana kallon tawul ɗin da aka naɗe aka yi masa siffar tsuntsu.

"Wa ya yi wasa da tawul ɗin mutane?" Ta warware shi, ta ninke yadda ake ninke tawul, ta ajiye.

Da safe kafin masu gyaran ɗaki su zo, ta riga ta gyara gadon, ta goge banɗaki, ta wanke kofin da ta sha shayi ta kife. Wai ba za ta bar 'yar wani ta ga ƙazantarta ba. Matar da ta zo gyara ta tsaya da tsintsiya ta rasa abin yi, sai Umma ta zaunar da ita ta tambaye ta ƙasarsu da adadin 'ya'yanta. Muka yi dariya ni da yayana, muka ce ai ga alamar sauƙi nan.

Sai da muka sauka ɗakin cin abinci dariyar ta tsaya. Teburori ne a jere, abinci iri-iri har ido ya gaji: gasasshen rago, kifi, shinkafa kala-kala, burodin da ake fitarwa daga tanderu a gabanka. Yayana ya cika mata faranti da kansa ya dire a gabanta yana murmushi.

"Abincin wa ne wannan?" ta tambaye ni.

"Na funduƙ ne, Umma. Kowa ɗiba yake, kamar gidan biki."

"To ina masu bikin?"

Na dubi yayana.

"Ni ban saba cin abincin gidan da ban gaisa da masu shi ba," ta ce, ta ture farantin kaɗan da ɗan yatsa. "Mun shigo, mun kwana, ba wanda ya ce mana sannu da zuwa sai masu aiki. Ina uwargidan?"

Yayana bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya je ya taho da manajan wurin, wani dattijo mai kamala, ya zo ya dafa ƙirji yana yi mata maraba da Larabci. Umma ta ji daɗi, ta gyara mayafi, ta gaishe shi da Larabcinta na kasuwa, ta tambayi iyalinsa. Sannan ta tambaya ko gidan na mahaifinsa ne. Ya ce a'a, na kamfani ne. Ta ce to masu kamfanin a wane ɓangare suke zaune, tana so ta shiga ta gaida matan. Bawan Allah ya ɗan daburce, ya ce ai su suna Riyad, shi kansa bai taɓa ganinsu ba. Da ya tafi, Umma ta ɗaga kai ta dubi fitilun da ke lilo a sama, ta dubi marmarar ƙasan.

"Ashe kango ne," ta ce. "An dai gyara shi."

Ba ta ci ba. Jakar tsarabar ta koma cikin kabad.

Haka kwanakin dutsen suka tafi. Muka kai ta wani tsohon ƙauye na gidajen dutse masu hawa-hawa, inda mata suke zane bangon ɗaki da launuka, ta yaba ta ce hannunsu yana da kyau. Muka tsaya kallon birai suna fizge ledar mutane a gefen hanya, ta ɗan murmusa ta ce wancan babban ya yi kama da wani maƙwabcinmu. Muka sa ta a motar igiya da ake kira telefirik, wadda take ratsa kwari a rataye. A ciki ta riƙe damtsena, sai na ji hannun nata ba nauyi ko kaɗan, ƙashi ne kawai da fata. Muna fitowa jiri ya ɗebe ta, da ban tare ta ba da ta kai ƙasa.

Ranar, bayan na kwantar da ita na lallaɓa ta sha ruwan zuma, na iske yayana a baranda cikin gajimare ya haɗa kai da gwiwa. Na ce masa mu koma Jidda a sa mata ruwa a asibiti. Ya ce me ya rage bai yi ba? Na ce ban sani ba. Muka ɗan sa-in-sa, irin ta 'yan uwa da kowa ya san ba da ɗan uwansa yake faɗa ba. Can ya ce, "Na binne Baba da hannuna, ya ukhti, ƙanwata. Ba zan iya na biyu a shekara guda ba." Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Na tausaya masa ƙwarai, na ce to mu gwada bakin tekun, in ba canji mu wuce gida.

Da muka gangaro daga dutsen muka shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ake kira Tihama, iska ta yi ɗumi. Umma da ta yi lamo a kujerar baya sai na ga ta miƙe zaune ta manna fuska a gilashi. Gonakin dawa ne da gero a gefen hanya, ga bishiyoyin goriba, ga maza da malfa suna kora awaki, har da 'yan bukkoki masu tsinin kai jefi-jefi.

"Ke, goriba ce waccan?" ta ce. "Ikon Allah! Wannan ai hanyar Mirriya ce, can wajenmu Damagaram."

Ta yi ta nuna mana abubuwa har muka isa, magana mafi tsawo da ta yi tun fitowarmu.

Shalen kuwa ya fi hotonsa. Gida ne fari a kan rairayi, da ɗan kwamin ninƙaya a tsakar gida, in ka sauko daga matakala teku ne yake lasar ƙafarka. Da yamma aka turo mana kifi da jatan lande a kan keken abinci, da furanni a gefe. Ni da yayana muka ci muna jin kunyar ci. Umma ta sha shayi.

Da safe na fito na same ta tsaye a tsakar gida, ta juya wa tekun baya, tana shaƙar iska.

"Kin ji?" ta ce. "Hayaƙin itace. Akwai mace a wurin nan."

Ta tafi kai tsaye wurin mai gadi, wani tsoho mai jan gemu, ta tambaye shi. Ya ce gaskiya ne. Wurin na wani ɗan garin ne, a filin gadonsu ya gina. Mahaifiyarsa ta ce ba inda za ta tashi, shi ne ya ja katanga ya bar mata tsohon gidanta a baya. Umma ba ta ƙara tambaya ba. Ta koma ɗaki ta yi wanka, ta ɗaura atamfarta ta fita unguwa, ta fesa turare, ta ciro jakar nan.

Yayana ya sha gabanta a ƙofa. "Ya Ummi, aib ne wallahi. Wurin haya ne wannan. Ba a shiga wa masu wuri gida, za su ɗauka ƙara muka kawo."

Ta dube ni. "Gaya wa yayanki, mun kwana a ƙasar mace ba mu gaishe ta ba, wannan ne ba aibu ba?"

Ta wuce. Na figi abayata na bi ta, kunya kamar in nutse, ina ta shirya haƙurin da zan bayar in aka koro mu. Yayana ya biyo mu daga nesa da gajeren wandonsa na hutu da baƙin tabarau, ya tsaya a waje.

Umma ta yi sallama a wata ƙofar langa-langa. Aka amsa. Tsakar gida ce ta ƙasa, an share ta tas, ga akuya a ɗaure, ga tanderun ƙasa yana hayaƙi. A ƙarƙashin rumfa wata tsohuwa 'yar firit tana zaune a kan dogon gadon igiya, da fararen furanni masu ƙamshi a gashinta. Ta dubi Umma, Umma ta dube ta. Sai tsohuwar ta sauko da kanta ta rungume ta, ta sumbaci kafaɗarta, kamar dama jiranta take.

Larabcinsu bai zo ɗaya ba, amma ba su nemi taimakona ba ko sau ɗaya. Umma ta ce mu baƙinta ne, mun sauka jiya, a yi mana afuwar rashin zuwa da wuri. Ta fito da atamfa, ta fito da turare, ta fito da kwalbar yaji. Tsohuwar ta buɗe ta kai hanci, ta yi atishawa har furenta ya faɗi, suka kwashe da dariya su biyu. Ta ce tun da ɗanta ya gina wurin nan mutane suke zuwa suna tafiya, tana jin motocinsu, ba wanda ya taɓa leƙowa ya ce mata yaya kika kwana.

Aka kawo gahawa mai citta. Suna sha tsohuwar ta tambaya, "Ina maigidanki? Shi ne a waje?"

"Ɗana ne," in ji Umma. "Maigidana ya rasu."

Ban taɓa jin ta faɗa da bakinta ba. Kullum sai dai ta ce "tun da abin nan ya faru". Tsohuwar ta kama hannunta ta yi masa addu'a doguwa, ta ce nata mijin masunci ne, shi ma ya daɗe da tafiya. Ba wadda ta yi kuka. Sun zauna ne kawai hannu cikin hannu suna kallon akuya.

Can Umma ta hango gero a faifai an wanke ana shanyawa. Ta miƙa hannu ta ɗebo ta murza, ta tambaya me ake yi da shi a nan. Aka gaya mata. Ta ce a'a, wannan geron fura yake so. Tsohuwar ba ta san fura ba. Ai kuwa Umma ta tuɓe mayafi ta ɗaure ƙugu da shi. Akwai dutsen niƙa, akwai wani tsohon turmi a jingine, aka aika maƙwabta aka samo nono. Ni aka miƙa wa taɓarya. Jama'a, ni haihuwar Jidda ce, injin markaɗe na sani. Ban yi nisa ba tafin hannuna ya yi ja, taɓaryar tana bugun gefen turmi, tsofaffin nan biyu suna yi mini dariya da harsuna biyu. Umma ta karɓa ta nuna mini, ina tsoron kada ta faɗi, amma ko gezau. Ta cura, ta dafa, ta sa na kirɓa, ta dama da hannunta. Har aka yi azahar muna kai.

Da ta gama damu, ta duba kwanonin da aka jera mata ta zaɓi wanda ya fi kyau. Ta ɗebo ta saman ta cika shi, ta goge bakinsa da gefen zane, ta rufe da faifai. Ta ɗauka da hannu biyu ta juya kamar za ta kira wani. Sai ta tsaya cak.

Na ce, "Umma?"

"Nasa ne," ta ce a hankali, ba ta dube ni ba. "Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa sa loma a bakina ba sai na fitar da nasa. Ko faɗa muka yi. Ko yana Makka, sai na fitar na rufe. Ku kuma sai ku kawo mini nawa ni kaɗai a faranti. In na ɗauki cokali sai in ce, to shi fa? Hannun sai ya ƙi."

Duk karatuna, duk gwaje-gwajen da na sa aka yi mata, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Tsohuwar ta tambaya me aka ce, na fassara mata. Ko mamaki ba ta yi ba.

"Wannan ne?" ta ce. "Yo ni har yau ina fitar da na nawa. Wa ya ce miki a daina? Ga masunta can a rumfa suna ɗinkin koma, kullum su suke cinyewa. Ki ba mai rai ya sha, ladan ya iske shi inda yake."

Umma ta dubi kwanon ta daɗe. Sannan ta ce mini, "Kira yayanki."

Ya shigo bakin ƙofa da tabarau a goshi, duk ya yi gumi, yana shirin ba da haƙuri. Umma ta miƙa masa kwanon. Ya dubi faifan, ya dubi yadda aka goge bakin kwanon. Shi ne yake kai wa Baba abinci shagonsa na ɗinki tun yana ƙarami, saboda haka ba sai an yi masa bayani ba. Ya sauke tabaran ya rufe idanunsa da shi, ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Wa zan kai wa?" Tsohuwar ta nuna masa rumfar masunta.

Umma ta tsaya a ƙofar tana kallonsa yana taka rairayi a hankali don kada ta zube. Sai da ta ga ya durƙusa ya miƙa, wani dattijo ya buɗe ya ɗaga hannu sama yana addu'a, sannan ta dawo ta zauna a tabarma. Ta ja ƙwarya gabanta, ta yi bisimilla, ta kai ludayi baki. Ta sake kaiwa. Tsohuwar ta fito da gurasar dawa mai zafi daga tanderu da gasasshen kifi, Umma ta barbaɗa yajinta ta ci, har tana cire wa tsohuwar ƙaya. Ni kuwa na koma bayan tanderu na yi kukana mai isata, da aka tambaye ni na ce hayaƙi ne.

"Furar ta yi," Umma ta ce da na dawo, "sai dai kirɓin 'yar Jidda ne, duk gudaji."

Sauran kwanakin, da safe za ta yi wanka ta tafi gidan ƙawarta, sai yamma ta dawo da fure a ɗankwali. Yayana yana ƙunƙuni wai ya kawo ta masaukin sarakuna ta koma rumfa, amma bakinsa har kunne. Ana gobe za mu tafi ta ce ai ita ma dole a rama mata ziyara. Ashe tsohuwar ba ta taɓa shiga shalen da ɗanta ya gina ba. Umma ta tarbe ta a ƙofa kamar gidanta ne, ta zaunar da ita a kujera mafi taushi, ta zagaya da ita ɗaki-ɗaki tana nuna mata yadda ake kunna ruwan zafi. Aka turo keken abinci, ta fitar da kwano guda ta ba yayana ya kai wa mai gadi, sannan ta zuba wa baƙuwarta. Da la'asar na leƙo na gan su a bakin kwamin ninƙaya, sun tattare zannuwa sun tsoma ƙafafu a ruwa, suna kallon rana tana gangarawa teku. Wannan hoton kam ban ɗauka ba, na manta da wayar gaba ɗaya.

Muna dawowa Jidda ta karɓi girkinta, ba wanda ya yi mata musu.

Na sha tuna tafiyar nan. Har gobe ina son wuri mai kyau, kuma in aka ce mini ga Abha gobe, kafin a rufe baki na haɗa kaya. Duwatsun nan da tekun nan ni'ima ce ta Allah, Umma ma ta shaida. Amma na gane cewa mu ma a gida abin da funduƙ yake yi muka yi mata: komai a kawo, komai a ɗauke, ita dai ta zauna. Da ƙauna muka yi, ba na jin haushin kanmu. Sai dai akwai mutanen da in ka hana su bayarwa ka hana su ci, kuma mahaifiyata tana cikinsu. Ba mantawa da Baba take nema ba, wurin da za ta ajiye rabonsa take nema.

Yanzu tsufa ya ƙara kama ta, amma awarwaron ya koma mazauninsa. Kwanon Baba kuwa, wata rana masallacin unguwa ake kai wa, wata rana masu shara, wata rana wata bazawara a layinmu. In na dawo daga aiki na tarar da abincinta a rufe ba ta taɓa ba, na daina yi mata wa'azi. Abayata nake mayarwa, in ɗauki ɗaya kwanon in ce, "Umma, wa za a kai wa yau?"